Bikin kallon tsuntsaye a bakin Tafkin Erie: ɓata lokaci ne ko abin koyi?

Bakatsine_Toledo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da yake yi mini yawo a rai tun ranar Asabar, ina so in ji ra'ayinku a kansa. Shekara shida ke nan ina zaune a birnin Toledo na jihar Ohayo a Amurka, kuma duk shekara idan watan Mayu ya kama sai in ga motoci masu lambar jihohi daban-daban sun cika hanyar da ta yi gabas ta bi bakin Tafkin Erie. Bana wani abokin aikina ya matsa mini har na bi shi inda suke zuwa, wata fadama da ake kira Magee Marsh, tafiyar ƙasa da awa guda daga gidana. Ashe biki ne na kwana goma mai suna The Biggest Week in American Birding, wanda cibiyar Black Swamp Bird Observatory ta fara shiryawa a 2010 domin tarbar tsuntsaye masu ƙaura a lokacin bazara.

An shimfiɗa wata doguwar gadar katako a cikin kurmin fadamar, kuma tun hantsi bai ɗaga ba ta cika maƙil. Na ga dattawa masu furfura, na ga wasu a keken guragu, na ga iyalan Amish da 'ya'yansu, kowa riƙe da madubin hangen nesa, kowa ya ɗaga kai yana magana ƙasa-ƙasa kamar ana zaman makoki. Abin da suke kallo kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye ne masu launin rawaya da shuɗi da ruwan goro, waɗanda suke kira wabla, kuma mai sa'a yakan ga fiye da iri ashirin a wuni guda. Wata tsohuwa ta gaya mini kwana biyu ta yi tana tuƙi daga Tekzas. Tambayata ita ce: wannan abu hankali ne, ko kuwa ƙoshi ne ya yi wa mutane yawa? Idan kuma akwai hikima a cikinsa, me ya hana mu yin irinsa a gida?

Dan_Kwari77:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai ka riga ka ba kanka amsa. Mutumin da bai san inda zai samu abincin dare ba, ba ya ɗaga kai ya dubi tsuntsu sai idan yana riƙe da danƙo. Ƙoshi ne kawai.

Malama_Zazzau:
Kafin mu shiga batun ƙoshi, ina so in yi ƙaramin gyara a kan kalmar bazara, domin kada wanda bai taɓa fita ba ya ɗauka ana wannan biki ne cikin irin zafin da muke sha a watan Afrilu. Bazararsu lokaci ne da sanyi da ƙanƙara suka wuce, itatuwa suka fara toho, ƙwari suka fito. Tamu kuwa ƙarshen rani ce da jiran ruwan farko. Inda suka yi kama shi ne duka biyun lokaci ne na sauyi, kuma a duka biyun tsuntsaye suna tashi daga wani wuri zuwa wani. Ina da tambaya ga Bakatsine: waɗannan tsuntsayen da kuka gani, su ne waɗanda suke barin ƙasarmu idan zafi ya shigo?

Mai_Nazarin_Tsuntsaye_Jos:
Malama, ba su ba ne, kuma tambayar taki ita ce wadda mutane suka fi yi mini. Wablar da ake kallo a Ohayo daga Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan da arewacin Amurka ta Kudu suke fitowa, suna nufin dazuzzukan Kanada da arewacin Amurka domin yin sheƙa. Namu baƙin kuwa daga Turai da yammacin Asiya suke zuwa mana cin rani, su iso wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris da Afrilu. Hanyoyi biyu ne daban, teku ya raba su.

Dalilin da ya sa suke taruwa a Magee Marsh shi ne tafkin kansa. Yawancin ƙananan tsuntsayen nan da dare suke tafiya, kuma idan asuba ta riske su a bakin ruwa mai faɗi kamar Erie, sai su sauka su huta, su cika ciki da ƙwari kafin su tsallaka. Da can duk yankin fadama ce mai girma da ake kira Great Black Swamp, amma an janye ruwanta an mai da ita gonaki a ƙarni na 19, saboda haka 'yan guntayen kurmin da suka rage a bakin tafkin su ne kaɗai masauki. Matafiya da yawa, masauki kaɗan, shi ya sa mutum zai tsaya a gadar nan tsuntsu ya sauka a reshen da ke daidai kafaɗarsa. A tsallaken tafkin ma, a Point Pelee ta ƙasar Kanada, ana yin irin wannan biki a watan Mayu saboda dalili guda.

Amma akwai tsuntsu ɗaya da ya haɗa nahiyoyin biyu. Wani ɗan tsuntsu ne mai farin gindi da Turawa ke kira wheatear, nauyinsa bai wuce giram 25 ba. Waɗanda suke haihuwa a Alaska sukan ratsa Asiya su sauka gabashin Afirka, tafiyar kusan kilomita 14,500, waɗanda kuma suke gabashin Kanada sukan tsallaka Tekun Atlantika su zo Afirka ta Yamma.

Bakatsine_Toledo:
Na gode, Malam. Ka warware mini abin da na ji kunyar tambaya a can. Amma akwai abu guda: na taɓa ganin balbela a wata gona a kudancin Amurka tana bin shanu, sak irin tamu. Ita kuma fa?

Mai_Nazarin_Tsuntsaye_Jos:
Balbelar tamu ce, amma ba cin rani ta je ba, ƙaura ta yi ta zauna. An fara ganinta a Amurka ta Kudu a ƙarshen ƙarni na 19, bayan ta tsallaka teku da fukafukanta ba tare da wani ya kai ta ba, kuma a 1953 aka same ta tana sheƙa a jihar Fulorida. Yanzu jikokinta 'yan ƙasa ne a can.

Alaramma_Gashuwa:
Ni ban ga abin zargi ba a cikin kallon tsuntsu, matuƙar bai shagaltar da mutum daga salla ko haƙƙin iyalinsa ba. A Suratul Mulk, aya ta 19, an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a samanmu suna shimfiɗa fukafukai suna naɗewa, babu mai riƙe su sai Mai Rahama, kuma an maimaita irin wannan a Suratun Nahl. Labarin alhudahuda da Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yaro ma ya san shi. Idan halitta mai nauyin goro biyu ta tashi cikin duhu ta yi tafiyar da jirgi ke yi, ba ta ɓata ba, wanda ya tsaya ya yi mamaki bai yi wauta ba. Abin da zan ƙi shi ne mutum ya ci bashi domin zuwa kallo.

Dan_Kwari77:
Allah ya gafarta Malam, ban ce haramun ne ba. Cewa na yi sai cikin mutum ya cika.

Hajiya_Maradi:
Ɗana na Kwari, ban yarda da kai ba, kuma hujjata daga ƙauye take, ba daga birnin masu kuɗi ba. A garin kakannina da ke kudu da Maraɗi babu wanda ya taɓa riƙe madubin hangen nesa, amma babu tsuntsun da ake jira kamar shamuwa. Idan ta iso ta fara ɗaukar kirare tana gyara sheƙa a kan tsamiyar bakin masallaci, sai ka ga tsofaffi sun saki fuska, maza sun fito da iri, an fara gyaran gona. Mu yara an hana mu jifanta, kuma wanda ya taɓa ƙwanta sai ya sha bulala a hannun duk babban da ya gan shi, ko ba ubansa ba ne. Mutanen nan ba ƙoshi ne ya sa su kallon sama ba, yunwa ce ma, domin zuwanta yana gaya musu damina ta kusa. To mene ne wannan idan ba tarbar tsuntsu mai ƙaura ba? Bambancin kawai ba mu buga takardar gayyata ba, ba mu kuma karɓi kuɗin kowa ba.

Mai_Nazarin_Tsuntsaye_Jos:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ilimin tsofaffin nan daidai yake da abin da ke rubuce. Shamuwarmu ba ta fita Afirka. Tana haihuwa a yankinmu na Sahel da damina, idan ruwa ya ɗauke sai ta bi shi zuwa gabashi da kudancin nahiyar, inda daminarsu take farawa. Shirwa ma haka take bin ruwa, ta yi arewa ta yi kudu.

Abin da zai ba ku dariya shi ne Turawa sun daɗe ba su san inda nasu tsuntsayen suke zuwa ba, har wasu masanansu suka rubuta cewa tsattsewa a cikin taɓo take kwanciya har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, ta taho da shi tun daga nan. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan Denmak mai suna Mortensen ya fara saka wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, kuma da wannan dabara aka gano yawancin hanyoyinsu.

Masunci_Nguru:
Maganar zobe ta tuna mini. Ina yaro, wani ƙanin mahaifina ya kama agwagwar ruwa a tarkonsa, sai aka ga ƙarfe a ƙafarta da rubutun boko da lambobi. Rabin unguwa suka ce kada a ci, aikin asiri ne, rabi suka ce jiragen Turawa ne suke leƙen asiri da ita. A ƙarshe an ci naman, zoben kuma ya daɗe a cikin gafakar kakanmu. Sai da na girma na ga ma'aikatan da suke zuwa ƙidayar tsuntsaye a watan Janairu na gane me ake nufi da shi.

Game da tambaya ta biyu ta Bakatsine, ai wurin yin bikin muna da shi. Dausayin Haɗeja da Nguru yana karɓar dubban agwagin Turai da tsuntsayen bakin ruwa kowace shekara, ban da namu na gida irin su kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Nijeriya ta shigar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2000, Baturiya ta jihar Jigawa ta biyo baya a 2008. Dagona kuwa, mafakar tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe, har Yarima Philip na Ingila ya ziyarce ta a 1989. Sai dai namu bikin ba zai zama na bazara ba, domin a watan Mayu baƙin duk sun tafi. Da hunturu ya kamata a yi shi.

Manomin_Shinkafa_Hadeja:
Ku yi mini haƙuri, ina karanta maganganunku raina yana ɓaci. Ku da kuke birni tsuntsu ado ne a wurinku, mu kuwa abokin gaba ne. Bara tun daga lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ido har aka yanke ta, 'ya'yana uku ba su yi makarantar kirki ba, suna gona da gwangwani da igiya tun asuba har magariba suna korar jan-baki. Garke ɗaya idan ya sauka, kafin ka idar da salla ya gama da kadada. Yanzu kuma a ce in zo in yi wa tsuntsu biki? Wanda zai zo kallo daga Abuja zai biya ni buhunan da na rasa?

Masunci_Nguru:
Yaya, kukanka gaskiya ne, ni ma ina da 'yar gona a bakin ruwa. Amma jan-baki ba baƙo ba ne daga Turai, ɗan gida ne, kuma abin da ya ƙara masa ƙarfi a wajenmu shi ne kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da take zuwa da ƙarfi ta janye ta bar ƙasa ta bushe ta canza, ruwa ya koma yana kwance a wasu wurare duk shekara, kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin ruwa. A cikinta jan-baki yake kwana. Ita ce kuma ta cinye mana wuraren kamun kifi, ta cinye filin da agwagin suke sauka. Ciwonka da ciwona da na tsuntsayen nan tushensu ɗaya.

Manomin_Shinkafa_Hadeja:
Na ji, amma ba jan-baki kaɗai ke cin shinkafa ba. Akwai wasu masu dogayen ƙafafu da suke zuwa da sanyi, su ma suna tsintar ta.

Mai_Nazarin_Tsuntsaye_Jos:
Haka ne, Alhaji, ba zan musa ba. Waɗannan su ne Turawa ke kira ruff, kuma lallai daga arewa suke zuwa, lallai kuma suna cin shinkafa, ko da yake yawancin abin da suke tsinta wanda ya zube ne bayan girbi. Duk wanda zai shirya taro a dausayin nan bai fara zama da manoma ba, ya gina ɗaki ne babu tubali.

Akwai wani abu da ya kamata mu sani game da nauyin da ƙasarmu take da shi a wannan lamari. Bayan farin da ya afka wa Sahel a 1968, masu ƙidaya a Birtaniya sun tarar a 1969 cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda yake cin rani a wajenmu, ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara guda. Ruwan da bai sauka a Damagaram da Katsina ba shi ya sa shingayen gonakin Ingila suka yi tsit. Cibiyar A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos tana horar da ɗalibai a kan irin wannan bincike, kuma da yawansu 'yan Arewa ne.

Injiniya_Shikago:
Bari in komo da mu kan bikin na Ohayo, domin na halarce shi sau uku, kuma ina ganin ɗan'uwanmu na Kwari zai fi gane shi ta fuskar ciniki. Masu shirya shi suna cewa kimanin mutum 90,000 ne suke zuwa yankin a lokacin ƙaurar tsuntsaye, suna kashe abin da ya kai dala miliyan 40. Garuruwan bakin tafkin da can sai watan Yuni suke fara ganin baƙi, yanzu masaukai da gidajen abinci suna cika tun farkon Mayu. Ni kaina na sha tsada a wani masauki da ya ninka kuɗinsa saboda bikin, kuma ɗakin bai kai rabin kuɗin ba. Amma wannan kuɗi shi ne ya sa idan aka tashi sare wani kurmi ko gina wani abu a bakin ruwa, mai otal da mai sayar da man mota suke tsaya wa tsuntsu, ba don suna sonsa ba.

Kada kuma a ɗauka biki ne na murna zalla. Binciken da aka buga a mujallar Science a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan uku tun daga 1970. A nan Shikago, cikin dare ɗaya na watan Oktoban 2023, kusan tsuntsaye dubu suka mutu bayan sun yi karo da gilashin wani babban ginin taro da ke bakin tafki. Yawancin laccocin da ake yi a bikin a kan irin waɗannan ne: a kashe fitilun dogayen gine-gine da dare a lokacin ƙaura, a yi wa gilasai alama, a daina sakin kyanwa tana yawo.

Dan_Kwari77:
To yanzu ka yi magana, Injiniya. Idan kasuwa ce na fahimta. Amma wa zai ɗauko iyalinsa daga Kano ya tafi Dagona da kuɗin mota na yanzu domin ya ga agwagwa? Bature kuma da zai biya dala, ofishin jakadancinsa ya riga ya gargaɗe shi kada ya doshi Yobe.

Maharbi_Bade:
Ina da tambaya ɗaya, kuma ina so a ba ni amsa ba tare da kwana-kwana ba. Idan aka kawo wannan biki, mu da muka gaji farauta daga iyayenmu ina za a kai mu? Abin da na sani shi ne duk lokacin da aka ce za a kare daji, talaka ake fara kora.

Injiniya_Shikago:
Baba, abin da zai ba ka mamaki shi ne ita Magee Marsh ɗin asalinta wurin farautar agwagi ce, kuma har yanzu ana farauta a cikinta da kaka, bisa izini da ƙayyadadden adadi. Tun 1934 duk mai harbin agwagwa a Amurka sai ya sayi wani kan sarki na gwamnati, kuma da kuɗin ake sayen fadamu ana ajiye su. Wato maharba ne suka biya kuɗin wuraren da masu kallo suke morewa. Ba na cewa za a iya kwafo tsarin a kawo Bade yadda yake, domin can akwai mai bin sawun kuɗin.

Maharbi_Bade:
Wannan na ƙarshen shi ne maganar. Mu ma muna da ƙa'ida tun kafin takarda: ba a harbin tsuntsu a kan ƙwai, ba a taɓa gauraka. Amma yau shekara nawa rabon da in ji kukan gauraka a fadamarmu, kuma ba mu muka cinye shi ba, masu kama shi da rai suna kai wa gidajen manya ne.

Malama_Zazzau:
Ni a ganina muna ta auna abin da ma'aunin baƙi masu dala, alhali ba dole ba ne a fara daga nan. Akwai Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, wadda ake yi a Asabar ta biyu ta watan Mayu da ta Oktoba. A bara na fita da 'yan ajina zuwa bakin wani tafki da ke bayan gari, babu madubi ko ɗaya, sai littafi da fensir. Na ce kowa ya rubuta sunan Hausa na duk tsuntsun da ya gani, wanda bai sani ba ya tambayi kakarsa. Yara talatin da biyu, mafi ƙoƙarinsu ya kawo suna tara. Wata tsohuwa mai wanki a wurin ta jero mana fiye da ashirin tana dariya, har da waɗanda ni malamar Hausa ban taɓa ji ba. Abin da ya tsorata ni ke nan, sunayen suna ɓacewa tun kafin tsuntsayen.

Hajiya_Maradi:
Malama, don Allah ki koma wurin tsohuwar nan da na'urar ɗaukar murya kafin ki neme ta ki rasa.

Bakatsine_Toledo:
Na karanta komai, kuma har yanzu ban iya cewa Dan_Kwari77 ya yi kuskure gaba ɗaya ba, domin madubin da abokina ya ara mini kuɗinsa ya fi albashin malamin firamare na wata da watanni. Amma akwai abin da ban faɗa ba a farko. Wajen ƙarfe goma na safe aka fara raɗa a gadar cewa an ga wablar Kirtland a bakin rairayi, sai mutane suka juya suka nufi can, dattawa har da sassarfa. Abokina ya bayyana mini cewa tsuntsun a tsibiran Bahamas yake cin rani, kuma kusan dukkansu a jihar Mishigan suke haihuwa cikin wani irin ƙaramin itace guda, ya kusa ƙarewa a duniya, sai a 2019 aka cire shi daga jerin masu fuskantar ɓacewa. Ban samu ganinsa ba, bayan kawunan mutane kawai na gani. Duk da haka ranar Lahadi mai zuwa zan koma da yarana biyu. Malam na Nguru, idan Allah ya kai mu Janairu ina gida hutu, za ka iya raka ni Dagona?

Masunci_Nguru:
Da yardar Allah. Ka zo da rigar sanyi, domin kafin fitowar rana za mu shiga kwalekwale, kuma ka aro madubin nan na abokinka.

Manomin_Shinkafa_Hadeja:
Idan kun gama da Dagona ku biyo ta gonata. Akwai tsuntsaye fiye da yadda za ku iya ƙirgawa, gwangwanin kora ma akwai na baƙi.